Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, Labarina ko Gidan Badamasi: Wanne Za a Kunna Bayan Isha'i?

Autarmu ta tare wata biyu da suka wuce, a wata sabuwar unguwa ta bayan gari inda ba ta san kowa ba tukuna. Maigidanta direban babbar mota ne, yakan yi kwana goma bai kwana a gida ba. Daga ita sai surukarta, dattijuwa mai ciwon ƙafa wadda ba ta son shiga ɗaki da wuri. To ka san zaman amarya da uwar miji: an gaisa, an ci tuwo, an yi sallah, sai kuma shiru. Talabijin ce kaɗai ke raba su da wannan shirun.

Ranar wata Laraba da daddare ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, don Allah kai da ka san kan finafinan nan, wanne zan riƙa kunna mana ni da Hajiya? Jiya na sa wani, da aka zo wani waje sai da na miƙe na ce zan duba tukunya. Wallahi ko wuta ban kunna ba."

Na yi dariya har da tari. Amma da na ajiye waya sai na ga tambayar ta fi ƙarfin dariya, domin irinta ake yi mini a wurin aiki, duk da yake da wasu kalmomi ake yi: wanne ya fi kyau, wanne zan fara, wanne ne ba zai cinye mini data a banza ba. Na daɗe ina ba da amsa da son zuciyata, in faɗi wanda ni nake so. Yanzu kafin in buɗe baki sai na tambayi mutum abu biyu: da wa za ka kalla, kuma a ina, a falo ko a waya? Shirye-shirye huɗun nan da aka fi tambayata a kansu duka na kalle su, wasu har sau biyu, kuma kowanne akwai ɗakin da ya dace da shi.

Bari in fara da dattijon cikinsu. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, Daɗin Kowa ya biyo baya a 2015, a shekarar 2016 kuma ya ɗauko kyautar Africa Magic ta shirin Hausa mafi kyau. Garin da ake nunawa ƙirƙirarre ne, kodayake akwai Daɗin Kowa ta gaske a jihar Gombe mai madatsar ruwa, akwai kuma unguwa mai wannan suna a Jos. Abin da ya raba shi da sauran ukun shi ne ba shi da jarumi ɗaya da labari ke rataye a wuyansa. Garin ne jarumin. Yau kana zauren Malam Nata'ala da almajiransa da rigimar matansa, an jima kana gidan Kamaye ana fafatawa da matarsa Adama a kan kuɗin cefane, daga nan a wuce teburin Ɗantani mai shayi inda duk wani zancen gari ke sauka. Ga kuma Stephanie da iyayenta, Kiristoci da ke zaune cikin unguwar kamar kowa, abin da finafinanmu suka daɗe suna yi kamar babu shi.

Wannan tsarin yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: ko ta ina ka shiga ka shiga. Kamar ka tare a sabuwar unguwa ne. Ranar farko ba ka san kowa ba, bayan mako biyu ka san wa ke bin wa bashi, wace ce ba ta ga-maciji da wace. Idan an ɗauke wuta ka rasa fitowa biyu, ba ka yi asarar da za ta hana ka fahimtar ta uku ba. Ga gidan da NEPA ke wasa da hankalinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sannan akwai fuskokin. Lokacin da aka fara shi, yawancin 'yan wasan ba taurarin da ake liƙa hotonsu a bayan Adaidaita ba ne. Mace za ta fito da zani da ɗankwali irin na wadda ta tashi daga wanke-wanke, ba da kwalliyar zuwa biki ba. Ga buta a gefe, ga tabarma, ga katangar da ruwa ya ci. Wanda ke fitowa a Kamaye, Ɗan'azumi Baba, marubucin littattafan Hausa ne tun kafin a san shi a talabijin, kuma kana ji a bakinsa. Yadda yake lanƙwasa magana idan Adama ta ritsa shi, irin na magidancin da aljihunsa ya bushe amma bai yarda girmansa ya faɗi ba, na san mutum uku a layinmu da suke yin haka sak. Mahaifiyarmu idan tana kallo ba ta cewa "ɗan wasan nan", sai dai ta ce "mutumin nan ba ya jin magana", kamar gobe za ta gamu da shi a gidan suna.

Inda yake gajiyar da ni biyu ne. Na farko, tafiyar hawainiya. Matsalar da za a iya kashewa a fitowa uku sai ta kwashe watanni, har ka manta mafarinta. Na biyu, wani lokaci saƙon yakan fito tsirara. Ana cikin hira mai daɗi sai wani ya gyara zama ya fara jero illolin shaye-shaye ko amfanin zuwa awo, tiryan-tiryan, kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Manufar mai kyau ce, amma a wannan minti ɗin wasa ya tsaya, lacca ta fara. Wanda ya saba da labari mai gudu zai yi hamma. Sai dai ga mai neman abin da zai kalla da uwa ko suruka ko yara, ban san wanda ya kai shi kwanciyar hankali ba. Yana taɓo abubuwa masu nauyi, almajirci, ƙwaya, 'yan matan da aka yaudara, samarin da aka ja zuwa tsattsauran ra'ayi, amma da hannunka-mai-sanda yake yi. Babba ya gane, yaro ya wuce.

Kwana Casa'in wani abu ne daban. Ya fito a 2019, shekarar zaɓe, sunansa ma ƙidayar kwanaki ce irin ta kakar siyasa. An gina shi a wata jiha ta ƙirƙira mai suna Alfawa, inda Sani Mu'azu ya fito a Gwamna Bawa Maikada, Falalu Ɗorayi kuma a Malam Adamu, malamin makarantar da guguwar siyasa ta ɗauko. Akwai 'yan jarida, akwai 'yan bangar siyasa, akwai matan manya da ke juya gwamnati daga ɗakin kwana, akwai asibitin da babu magani. Sani Mu'azu bai cika ɗaga murya ba, kuma wannan ne abin tsoron. Yana murmushi yana ba da umarnin da zai rusa gidan wani.

Wannan ba a kallonsa ana tsinke zogale. Yana son ka zauna, ka riƙe sunaye, ka tuna wa ya ci amanar wa a makon jiya. Ka rasa biyu a jere, sai ka dawo ka tarar abokan gaba sun zama aminai, ba ka san a ina aka ɗaura ba. Na fi jin daɗinsa a shagon wani maƙwabcina tela, inda muke taruwa mu biyar ko shida. Ana gamawa musu ke tashi a kan wane gwamna ake nufi, kuma abin dariyar, kowa gwamnan jam'iyyar da ba tasa ba yake hangowa. Duk wanda ba ya wuce shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyon Kano da daddare, wanda ya san sojojin baka da salon kowannensu, wannan nasa ne. Amma in faɗa maka gaskiya, ba ya sa barci mai daɗi. Kana kashe talabijin kana jin ɗaci, domin abin da ka gani bai yi nisa da abin da za ka ji a labaran safe ba. Akwai kisa, akwai daba, akwai harkar manya da 'yan mata. Yaro mai wayo zai yi maka tambayar da ba ka shirya amsarta ba.

Yanzu ga wanda ya fi kowanne cin dare. Labarina na Aminu Saira ya zo a 2020, daidai lokacin da korona ta kulle mutane a gida, ya samu jama'a a zaune ba su da wurin zuwa. Abin da ya fara kama ido shi ne aikin. Hoto garau, sauti ba ya shaƙewa, an san inda za a ajiye kyamara. Wanda ya taso da finafinan kaset, inda iska ke kaɗa makirfo har ba ka jin abin da ake faɗa, ya san an yi nisa. Labarin farko na Sumayya ne, 'yar talakawa da ke zaune da mahaifiyarta, da Mahmud, da Presido ɗan masu kuɗi, da sauran masu zagaye da ita kowa da nufinsa. Nafisa Abdullahi ce ta fara riƙe Sumayya, Nuhu Abdullahi kuma Mahmud.

Amma ni wanda ya riƙe ni shi ne Baba Ɗan Audu. Rabi'u Rikadawa ya ɗauki dattijon da ba shi da kunya ko ta sisin kwabo, mai iya sayar da kai yana yi maka addu'a, ya mayar da shi mutumin da kake jira ya fito. Akwai wani kallo da yake yi idan ya hango kuɗi, ido ya ƙanƙance, murya ta yi laushi, sai ka ji kana dariya kana kuma duba aljihunka. Da za a yanko wurarensa kaɗai a haɗa, da na sake kallo daga farko.

Gwanintar shirin, wadda ita ce kuma tarkonsa, tana ƙarshen kowace fitowa. Sai an kai inda numfashinka ya tsaya, a ɗauke. Lokacin da ake jiran mako-mako, wannan daɗi ne: a kwana shida ana musu a Facebook da gidajen biki, kowa da hasashensa. Amma wanda ya zo daga baya ya tarar da su jibge a YouTube, Allah ya ba shi haƙuri. Na taɓa cewa bari in kalli ɗaya kafin in kwanta. Kiran assalatu ne ya tashe ni daga zaune, waya ta yi zafi kamar dutsen guga, datar da na saya ta wata guda ta tafi. A wayata, ko na rage ƙarfin hoton zuwa 360, awa ɗaya takan lashe abin da ya kusa megabait 300. Ka lissafa da fitowa goma. Mai ƙaramin ƙarfi gara ya kai katin wayarsa wurin masu tura finafinai a bakin kasuwa, kodayake wannan hanyar ba ta mayar wa masu shirin ko kwabo, kuma wannan ma abin dubawa ne ga mai son a ci gaba da yi.

Shi Labarina dole daga farko ake kama shi. Ka shiga a tsakiya, kamar ka tarar ana rabon gado ne a gidan da ba ka san mamacin ba. Akwai kuma wurin da tafiyar ta yi tangal-tangal: Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta karɓi Sumayya. Ba laifin wadda ta karɓa ba ne, ta yi iya yinta, amma ido ya riga ya saba, kamar a canza maka limamin unguwa ne a tsakiyar azumi. Wasu daga nan suka sauka. Daga baya aka rufe wancan labarin aka buɗe sabo fil, da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara, mai dukiyar da ya ɓoye arzikinsa don ya ga wa zai so shi a haka. Wannan sauƙi ne ga sabon shiga: ba sai ka koma 2020 ba, kana iya farawa daga inda sabon labari ya tashi, ba abin da za ka rasa.

Akwai wani abu da ya kamata mai zaɓe ya sani game da duk shirye-shiryen da ke rayuwa a YouTube, ba wannan kaɗai ba. Da can ɗan fim faifai yake bugawa, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su saya su rarraba. Satar fasaha da wayar hannu suka kashe wannan kasuwa. Yanzu kuɗin yana fitowa ne daga yawan masu kallo da kuma tallan da ake cusawa a cikin shirin. Shi ya sa labari ke miƙewa kamar roba: mota ta tsaya, a nuna an buɗe ƙofa, a nuna takalmi ya taka ƙasa, a bi mutum da kiɗa har falo, sannan a tuno maka abin da ka gani minti ashirin da suka wuce. Shi ya sa kuma ana tsakiyar kuka sai a yanke a kawo tallan fili ko atamfa ko maganin gargajiya. Wani tallan ma, na kayan mata, ya fi fim ɗin kansa sa mutum neman tukunyar da zai duba. A waya ka ja da yatsa ka wuce. A falo, kafin ka lalubo rimot an riga an faɗi abin da za a faɗa.

To a nan ne matsalar autarmu take. Labarina ba shi da batsa, kada a fahimce ni a karkace. Amma kunyar Bahaushe ba a batsa kaɗai ta tsaya ba. Saurayi ya zauna ya yi minti biyar yana zuba wa budurwa kalamai, ido cikin ido, kiɗa na tashi a hankali, ke kuma kina zaune kusa da matar da ta haifi mijinki, wata biyu da tarewa. Ba abin da aka yi na laifi, amma ba ki san inda za ki ajiye idonki ba. Wannan shiri ne na waya da abin kunne, ko na miji da mata su biyu, ko na 'yan mata sa'o'in juna da za su yi ta ihu tare.

Gidan Badamasi ba ya buƙatar dogon bayani. Barkwanci ne, Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, Magaji Mijinyawa ya fito a Alhaji Badamasi, attajiri marowaci a keken guragu, da tarin 'ya'yan da ya tara daga aure-aure, kowanne ya zuba ido yana jiran gado. Mu da muka taso a zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, mun saba da barkwancin da mutum ɗaya ke ɗauke da shi a ka. Nan kuwa gida ne guda, kowa da irin haukarsa, dariyar tana fitowa ne daga karonsu da juna. Ba ya neman ka tuna komai. Ranar da ka dawo a gajiye, ko gida ya cika da baƙi an rasa abin da zai haɗa yaro da babba, shi ne magani. Illarsa hayaniya. Kowa na magana lokaci guda, in ka jera uku sai kanka ya ɗau zafi. Kuma yara suna kwasar baki. Ɗana na tsakiya ya taɓa amsa mini kira da irin salon da 'ya'yan Badamasi ke amsa wa ubansu, sai da muka yi zama na musamman.

Za a ce ina Izzar So, na Lawan Ahmad. Yana da jama'arsa masu yawa, musamman masu son jarumi irin Umar Hashim, mai gaskiya da ilimi wanda ba ya tanƙwaruwa. Ni mutumin da ba ya kuskure yana gundurata da wuri, amma yayarmu ba ta haɗa shi da komai, kuma ta fuskar kallo da iyaye ba shi da matsala. Fassarar Indiya kuwa, ranar da kake son faɗa da ihu da barkwancin mai fassara, ga ta nan, sai dai ba a san lokacin da rawa za ta faɗo ba. Masu son na Turkiyya irin Ertuğrul su sani fitowa 150 ce, kowace ta kai wajen awa biyu. Wannan ba kallo ba ne, ɗaukar aure ne.

Abin da na faɗa wa autarmu ke nan da na kira ta washegari. Falo, ke da Hajiya, Daɗin Kowa. Zai ba ku abin hira ma, domin dattijai ba sa rasa ra'ayi a kan kishiyoyin wani. Ranar da kika ga ranta a ɓace ko ƙafar ta matsa mata, ki sa Gidan Badamasi, guda ɗaya tak. Kwana Casa'in ki ajiye wa maigida in ya dawo, direbobi akwai son siyasa. Labarina kuma ki bari sai ta shiga ɗaki, ki sa abin kunne, ki fara daga sabon labarin, kuma ki sa wa kanki doka: biyu, ki kashe.

"To Yaya, na gode. Allah ya bar zumunci."

Bayan kwana tara ta sake kira, wannan karon ba ta rage murya ba. Wai daren jiya tana kwance a falo da waya, ta ɗauka Hajiya ta yi barci, ashe ta fito shan ruwa ta tsaya a bayanta. Ta yi wuf za ta kife wayar, sai Hajiya ta dafa kujera ta leƙo.

"Wannan ai na Mainasara ne. Ke sai yanzu kika zo nan? Ni na wuce wurin nan tun a gidan 'yata. Cire abin kunnen nan ki ƙaro murya, ki matsa mini in zauna."